Kundin Aikin Tsofaffin Kwamfutocin Zauren Kawu

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Yau muka kwaso su a amalanke daga ɗakin ajiyar Kawu da ke Sabon Gari, nan Maradi. Kwamfuta shida ce, ragowar sibar ɗin, wato shagon shiga intanet, da ya rufe tun lokacin da wayar hannu ta ɗauke masa masu zuwa. Sun yi shekaru a jibge kusa da buhunan gero. Niyyata in mayar da zauren gidansa ɗakin karatu, saboda yaran unguwa masu shirin jarrabawar sakandare ta BEPC da BAC, da kuma ƴan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke haya a layinmu. Waya tana da amfaninta, amma duk wanda ya taɓa buga rubutun shafi ashirin da babban yatsa, ko ya cike takardar rajista a ɗan gilashin nan, ya san inda take gazawa.

Kawu ya tsaya a bakin zaure yana kallon mu muna saukewa. Ya ce, "Ɗana, in ka duba ba su da sauran mamora, ka kai wa masu auna ƙarfe, kada ka wahalar da kanka." Na ce, "Kawu, a ba ni wata biyu." Ya ce ya ba ni uku.

Na liƙa wa kowace lamba. Ta 1 da ta 2 Dell OptiPlex 755 ne, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core 2 Duo, RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) 2 GB, Windows 7 mai bit 32. Ta 3 HP ce, ita ma Core 2 Duo, RAM 2 GB, amma Windows 7 ɗinta mai bit 64 ce. Ta 4 da ta 5 Pentium 4 ne da Windows XP, ɗaya RAM 1 GB, ɗaya 512 MB. Ta 6 haɗin hannu ce mai Athlon XP, ita ce kakarsu.

Mai amalanke: jika 1. Ga masu karanta wannan daga ƙetaren iyakar Dan Issa, wato Najeriya, jika ɗaya sefa 1000 ke nan, dala kuma sefa 5.

Litinin, 6 ga Oktoba

Bayan na taso daga lakwal, wato makaranta, na kai su wurin mai faci ya hure ƙura da injin iskarsa, ina riƙe da fankokin da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Dala 100. Biyar sun tashi. Ta 4 tana kunna fanka amma allo baƙi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na jona akwatin intanet ɗina da tsohon suwic ɗin Kawu, na ja waya zuwa kowane tebur. Kawunan waya jika 2, forfe, wato kuɗin data, na wata jika 10. Rezo, wato sabis na intanet, ya kama, amma ko shafi ɗaya bai buɗe ba. Kowace kwamfuta sai ta ce takardar shaidar shafin ba ta inganta ba. Na canza waya, na kashe akwati na kunna, na fi awa ɗaya ina zagaye, sai ƙanena ya ce, "Yaya, dubi kwanan watan da ke ƙasa." Ta 1 tana shekarar 2007, ta 5 tana 2004.

Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon ciki, CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta, kuma duk sun mutu. Takardar shaidar kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwamfuta tana ganin muna 2007, takardar 2025 a wurinta ba a ma haife ta ba. Masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna da batirin, dala 50 kowane, shida jika 1 da rabi. Da na sa su na daidaita kwanan wata, masu Windows 7 suka fara buɗe shafuka.

Abin da ya fita zuwa yau: jika 15.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau na zauna da ta 5 tun hantsi don in gane abin da ke hana XP shiga intanet, domin nan ne ainihin aikin yake. Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, uku na tarar a cikinta.

Internet Explorer 8 ko gaisawa da Wikipedia bai iya ba. Shafukan yanzu suna buƙatar hanyar kulle sirri ta TLS 1.2 ko sama, shi kuwa a XP bai san ta ba. Chrome ya tsaya a lamba 49 tun 2016, kuma yana dogara ne da ma'ajiyar takardun shaida ta Windows, wadda ba a sabunta ba tun da aka daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. Wani babban abin da ya ƙara rufe ƙofa shi ne abin da ya faru ranar 30 ga Satumba, 2021: tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, wadda shafuka masu ɗimbin yawa da ke karɓar shaida daga Let's Encrypt suke rataye a jikinta. Sabuwar da ta gaje ta, ISRG Root X1, babu ita a wannan kwamfutar. Firefox 52, wanda shi ne na ƙarshe da Mozilla ta yi wa XP, ya fi su dama, domin da nasa takardun yake yawo. Yana buɗe shafi, amma rabin shafukan sai su zo fari fat, ko maɓalli ya ƙi dannuwa, saboda rubutun JavaScript na yanzu ya wuce saninsa.

Ke nan ƙarfen lafiyarsa lau. Fanka na juyawa, diski na karatu, allo na nuna hoto tas. Ƙofar shiga ce aka canza wa makulli. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, domin makulli ana iya samo shi.

Akwai mutanen da suka ɗauki tushen Firefox da na Chromium, da yake a buɗe suke ga kowa, suna ci gaba da gyara su don irin waɗannan injuna. Pale Moon ya rabu da Firefox tun 2009, yana da injinsa mai suna Goanna, kuma yana tafiya a Windows 7 zuwa sama. Su ba sa yi wa XP, amma wani mai suna roytam1 yana fitar da gini, wato samfuri, na XP daga tushensu da sunan New Moon da Serpent. Akwai Mypal 68 na Feodor2, wanda aka gina kan Firefox 68. Akwai kuma Supermium, wato Chromium na zamani da aka sa ya iya tashi har a XP. Duk kyauta ne. Zan gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowace kwamfuta in ga wanda ya dace da ƙarfinta.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau wa'adin Windows 10 ya cika. Windows 11 kuwa tana neman ɗan ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, don haka injuna masu yawa da ba su da laifin komai za a fitar da su daga ofisoshin Turai da Amurka. Ina sa ran nan da shekara ɗaya ko biyu mu gan su a kasuwanninmu a gwanjo. Abin da nake koya a kan waɗannan shida zai yi amfani a kan waɗancan.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Pale Moon ya zauna a ta 1 da ta 2 ba gardama. Yana tashi da sauri, kuma da shafi uku a buɗe bai kai 400 MB na RAM ba a gwajin da na yi. Fuskarsa irin ta tsohon Firefox ce, mai jerin umarni a sama, kuma na ga yaran da suka leƙo sun fi saurin gane ta.

Ta 3 ce ta ba ni wahala. Da yake Windows ɗinta mai bit 64 ce, sai na sauke Pale Moon mai bit 64, ya ƙi tafiya. Na zaci saukewar ce ta yanke, na sake, forfe yana ta ƙonewa. Sai da na koma na karanta bayanin fitowa a natse na ga cewa tun 2024 ginin bit 64 yana buƙatar furosesa mai AVX, wani rukunin umarni da ba kowace furosesa ke ganewa ba. AVX kuwa sai a 2011 ya fara zuwa a furosesocin Intel, Core 2 Duo ba ta da shi. Ginin bit 32 tsohon rukunin umarni na SSE2 kawai yake nema, kuma yana tafiya a Windows mai bit 64 ba matsala. Na sa shi, ya tashi nan take.

Daga yau na ɗauki ƙa'ida: kafin in sauke komai, sai na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanin furosesa, na rubuta abin da furosesar ke iyawa a takardar da ke liƙe a jikin kwamfutar. Shi ya nuna mini cewa ta 6 ba ta da ko SSE2, domin Athlon XP bai zo da shi ba. Supermium ba zai tashi a kanta ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na sayi RAM DDR2 mai 2 GB guda biyu, na hannu, jika 3 kowane. Ɗaya ya yi. Ɗayan da na sa a ta 2, allo ya yi shuɗi sau biyu cikin minti goma. Na bar Memtest86+ mai gwada lafiyar RAM yana gudu, jajayen layuka suka cika allo. Na mayar wa mai shagon, ya canza mini ba musu, Allah ya saka masa. Ta 1 da ta 2 yanzu 4 GB kowace, kodayake Windows mai bit 32 uku da ɗan wani abu kawai take gani.

Jimilla: jika 21.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ranar gwajin XP a ta 5, mai 512 MB.

Supermium ya tashi, kuma abin mamaki ne ka ga shafin zamani ya buɗe daidai a kan Pentium 4. Amma Chromium kowane shafi sai ya buɗe masa aiki na daban, RAM ta cika, kwamfuta ta koma aron wuri a diski, fitilar diski ta tsaya ja ba ƙiftawa. Na ƙirga kusan minti biyu kafin shafi ɗaya ya gama. Ba laifin burauzar ba ne, kaya ne ya fi ƙarfin jaki.

Mypal 68 ya fi sauƙi, ya buɗe yawancin abin da na jarraba. New Moon ya fi kowa rashin nauyi, kodayake shafuka masu ado da yawa sukan karkace a cikinsa. Wikipedia, shafukan labarai na Hausa, shafukan darussan lissafi da kimiyya da Faransanci, da sauke PDF na tsofaffin jarrabawa, duk ya yi su. Na bar New Moon na yau da kullum, Mypal kuma na ko-ta-kwana.

Wani abu da ban zata ba: a Wikipedia ta Hausa, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wasu sun fito da wani fasali daban da sauran rubutun, a wani wurin ma ɗan akwati ne ya tsaya a madadinsu. Tsofaffin haruffan da suka zo da XP ne ba su cika ba. Na sa DejaVu Sans da Charis SIL, na ce wa burauza ta yi aiki da su, rubutu ya daidaita. Abin ya taɓa ni. A bana aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, bai kamata yaro ya zauna gaban kwamfuta a Maradi ya ga sunan ƙauyensu da akwati a tsakiya ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na kai ta 4 wurin mai gyaran rediyo a Bagalam. Yana buɗewa ya nuna mini kwandansa huɗu, ƴan gwangwanayen nan masu riƙe wuta, kusa da furosesa, kawunansu sun kumbura, ɗaya har ta yi tsatsa. Ya ciro irinsu daga wani mataccen allo ya liƙa. Jika 1. Ta tashi.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Mun buɗe wa yara. Tara suka zo, wuri biyar ne, aka zauna bibbiyu. Na rubuta dokoki a allo da alli. Wadda na fi nanatawa ita ce ta kwamfutocin XP: karatu da bincike kawai. Ba a shigar da kalmar sirri, ba a buɗe imel, ba a taɓa harkar kuɗi. Wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe ta ce, "Mushe (haka ake kiran malami a lakwal), ba ka ce burauzar sabuwa ce ba?" Na ce sabuwa ce, amma ƙofar ƙarfe ce a jikin katangar da ta shekara goma sha ɗaya ba a yi mata yaɓe ba. Burauza tana gyara nata ramukan, ba ta gyara na Windows. Na ba su labarin harin ƙwayar cutar kwamfuta WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya bi ta hanyar raba fayil ta SMB ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har da na asibitocin Ingila. Na riga na kashe raba fayil a duka shidan, kuma yara suna shiga ne da asusu mai iyaka, ba na mai gida ba.

Mai son buɗe imel ko yin rajista, ta 1 ko ta 2. A kansu na bar Firefox 115 ESR, wanda shi ne na ƙarshe ga Windows 7 kuma a 2025 Mozilla ta yi ta ƙara masa wa'adin gyaran tsaro. Chrome ya tsaya a 109 a Windows 7 tun farkon 2023, na cire shi gaba ɗaya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Mummunar rana. Wajen la'asar aka ɗauke wuta, aka maido da ita da ƙarfi, aka sake ɗaukewa, duk cikin minti ɗaya. Muka ji ƙara a bayan ta 2, sai warin ƙuna. Akwatin wutarta ya tafi. Wani ɗan jami'a yana tsakiyar buga rahotonsa a ta 1, shafi shida, bai adana ba. Ya yi shiru yana kallon allo, sannan ya tattara takardunsa ya ce sai gobe. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin ni na ce ya zo ya yi aikinsa a nan.

Akwai ondilar guda, na'urar nan mai batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, a cikin kayan Kawu, na ajiye ta gefe da niyyar sai an samu kuɗi, saboda batirinta ya mutu. Ga shi jinkirin ya ci akwatin wuta da aikin mutum. Gobe zan saya mata batir. Ba za ta ɗauki shida ba, don haka ta 1 da ta 2 da akwatin intanet kawai zan ɗora mata, sauran kuma a riƙa zare su daga bango da zarar an ɗauke wuta. Na kuma saita manhajar rubutu ta riƙa adana kanta duk minti uku.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Akwatin wuta na hannu jika 5, batirin ondilar jika 9, forfe na Nuwamba jika 10. Jimilla jika 46. Ta 2 ta dawo, babban allonta bai taɓu ba, alhamdu lillahi. Ɗan jami'ar ya dawo ya sake buga rahotonsa.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Cikin kwana huɗu kusan rabin forfe ya tafi. Bidiyo ne da tallace-tallace. Na sa uBlock Origin mai toshe talla a ko'ina. Pale Moon da New Moon ba sa karɓar sababbin ƙananan manhajojin da ake ƙara wa Firefox, sai tsohon samfurin uBlock da aka ware musu, shi na nemo. Bambancin a bayyane yake: shafin labarai da ke sa fankar ta 4 kuka yanzu yana buɗewa shiru. A tsohuwar kwamfuta, toshe talla ya fi ƙarin RAM tasiri a ganina, kuma ba ya cin ko dala.

Bidiyon darasi kuwa na ce a tsaya a 360p, a ta 1 zuwa ta 3 kawai. Wanda ake yawan nema, a sauke shi sau ɗaya a ajiye, kowa ya kalla da VLC.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na tarar da ta 3 da wata baƙuwar burauza mai buɗe shafukan caca da kanta. Da na bincika, wani yaro ne ya ga Pale Moon ya ƙi buɗe masa wani shafi, ya tambayi ƙanena kalmar sirrin mai gida, ya rubuta sunan Supermium a wurin bincike, ya danna sakamakon farko mai babban koren maɓalli. Ba shafin masu aikin ba ne, na ƴan damfara ne da suka naɗe ƙazanta a cikin sunan. Ga kuma ƙwayar cutar nan ta kile (filas na USB), mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ta shigo ta kilen wani.

Ban tsaya wanke-wanke ba, na goge diskin na sake zuba komai. Yini guda ya tafi.

Ban yi wa yaron faɗa a gaban mutane ba. Na kira shi gefe, ya ce, "Mushe, wallahi gyara na so in yi." Na yarda da shi. Na zaunar da shi na nuna masa yadda nake yi: Pale Moon daga shafinsu na palemoon.org kawai, Supermium da Mypal daga ma'ajiyarsu ta GitHub. In masu aikin sun buga lambar SHA-256 ta fayil, wadda ke canzawa in an taɓa fayil ɗin, sai in sa 7-Zip ya lissafa ta wanda na sauke, in gwada su harafi da harafi. Wannan ita ce raunin irin waɗannan burauzoci: ba su da babban kamfani mai kare sunansu, kowa na iya yin shigarsu. Amana ce tsakaninka da mutanen da ba ka taɓa gani ba, to aƙalla ka tabbata daga hannunsu ka karɓa. Yanzu akwai kile guda mai tsabta a aljihuna, daga ita kaɗai ake zuba manhaja. Kalmar sirri na canza ta, ƙanena ma ya ji nasa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ba wani abu. Yara bakwai. Na sabunta New Moon a ta 4 da ta 5.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Wata ɗaliba ta zo cike takardar neman gurbin karatu, wa'adi saura kwana biyu. Shafin yana da shingen nan mai cewa ka tabbatar kai mutum ne. A Pale Moon sai abin ya yi ta juyawa, ya sake lodi, ya sake juyawa, ba ya wucewa. Ta fara share hawaye da gefen hijabi. Na mayar da ita ta 1, muka buɗe da Supermium, shingen ya wuce a karo na farko, ta cike, ta tura, muka buga mata shaidar a shagon kwafi na bakin titi.

Wannan ita ce matsalar da ta fi ƙarfina. Masu tsaron shafuka suna auna baƙo da ma'aunin manyan burauzoci biyu ko uku, wanda bai yi kama da su ba sai a ɗauke shi ɗan fashi. Mai sabuwar kwamfuta ba zai taɓa sanin ana yin haka ba. Wanda abin ke faɗa wa shi ne mai tsohon inji, wato talaka. Ba daidai ba ne a ce neman gurbin karatu ya rataya a kan shekarun kwamfutar da ke unguwarku.

Abin da zan iya shi ne kowace kwamfuta ta kasance da burauza biyu daga gida biyu, ɗaya zuriyar Firefox, ɗaya zuriyar Chromium, in ƙarfinta ya kai. Na rubuta a allo: in ta ƙi a nan, gwada can, kafin ka kira Mushe. Da dare ni da ƙanena muka rubuta rahoton matsalar da Turancin Ingilishi, da lambar burauza da irin Windows da adireshin shafin, muka aika wa masu aikin. Ba mu da kuɗin da za mu ba su, amma rahoto mai tsabta shi ma gudummawa ce.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai, ƙura har cikin kofin shayi. Ta 5 ta fara kashe kanta bayan rabin awa. Pentium 4 dama mai zafi ce, ga ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, ga man da ke tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama kamar ƙasa. Na goge na shafa sabo, jika 1. Inna ta ɗinka wa kowace riga da ragowar yadi, na biya jika 2 na zare da ƙarin yadi duk da ta ce in bari. An ɗaga su daga ƙasa zuwa kan bulo. Hure ƙura ya zama aikin kowace Juma'a da safe.

Laraba, 3 ga Disamba

Ta 6. Na samo ginin New Moon da ba ya neman SSE2, ya tashi, yana buɗe shafuka marasa nauyi a hankali. Amma na yanke shawarar zare mata wayar intanet. Ta zama ta koyon buga rubutu, kuma ita ce ƴan firamare suka fi so. Allon haruffanta AZERTY ne irin na lakwal, na bar shi haka. Biyu daga cikin sauran QWERTY ne da aka sayo ta Katsina, suna rikita yara, zan nemi canjinsu.

Asabar, 6 ga Disamba

Na sa wa ta 1 SSD, diskin zamani mai sauri, mai 120 GB, jika 9. Daga kunnawa zuwa buɗe burauza da can sai an yi alwala an dawo, yanzu ƙasa da minti ɗaya. Supermium ma ya saki jiki. Da na san haka da shi na fara kafin RAM.

Forfe na Disamba jika 10. Jimillar abin da ya fita jika 68. Abin da ya shigo daga dala 20 da manyan ɗalibai ke sakawa a gwangwani in sun samu: jika 7 da dala 60. Wani maƙwabci, mahaifin yara biyu da ke zuwa, ya ce shi zai riƙa ɗaukar rabin forfe daga Janairu.

Kawu ya shigo bayan isha'i ya tarar da yara biyar kowa da abin da yake karantawa. Ya daɗe a tsaye bayan mai ta 4, wadda ya ce ita ya fara saya a sibar ɗin. Ya ce, "Ashe da tsohuwar zuma ake magani." Sannan ya tambaye ni su wane ne ke yin wannan burauza, nawa ake biyan su. Na ce yawancinsu ba mai biyan su, sai ɗan abin da masu amfani suka tara. Ya ce a sa su a addu'a.

Asabar, 13 ga Disamba

Abin da ke damuna yanzu shi ne wasu daga cikin burauzocin nan a wuyan mutum ɗaya ko biyu suke. Ranar da mai yi ya gaji ko ya yi rashin lafiya, ta 4 da ta 5 za su koma inda na same su. Don haka na ajiye kwafin kowane gini da ya yi mana aiki a kile biyu, kuma na fara gwada wata hanya. Na kunna ta 4 da antiX daga kile ba tare da na taɓa XP ɗinta ba. Linux ce mara nauyi da har yanzu take da samfurin bit 32, kuma tana samun gyaran tsaro, abin da XP ba ta da shi. Ta gane katin intanet da kanta, sauti ne bai fito ba tukuna. Can ma ƙasa tana raguwa, domin Debian 13 da ta fito a Agusta ta daina fitar da cikakken tsari na bit 32, Mozilla ma ta sanar da daina yi wa Linux mai bit 32 sabon Firefox. Duk da haka ko shekara biyu aka samu, riba ce.

In an ba da hutun ƙarshen Disamba zan raba diskin ta 4 gida biyu, XP da antiX, in bar yara su yi mako biyu a kai in ji ta bakinsu. Sai SSD na biyu don ta 2, in kuɗi ya samu, da allon haruffa AZERTY guda biyu. Ina kuma son in sauke Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ta Kiwix, manhajar karatu ba intanet, a tsohuwar wayata, ta riƙa raba wa zauren ko rezo ya ɗauke. Yaron nan na ranar 15 ga Nuwamba shi na ba aikin duba sabuntawa duk Asabar, yau ya zo da littafin rubutunsa ya rubuta lambar kowace burauza da ranar da aka sa ta. Ya gano Mypal na ta 5 ya kwana biyu ba a sabunta ba, gobe da safe za mu yi tare.